Shekarar da na Shuka Hatsi Bisa Dutse

Akwai wata ƙarya da ta daɗe tana yawo cikin gidan nan, har ta yi furfura kamar ni. Kun ji ta, kun kuma faɗa wa ɗiyanku: wai ni Arzika na gano gonarmu ta jigawa da ilimin lekwal, wato boko, wai na tsaya na dubi ƙasa, na yi lissafi irin na Nasara, na ce a sara nan. Ban taɓa faɗin haka da bakina ba. Sai dai duk sa'ad da aka faɗa a gabana nakan gyara zama in yi tari, in bar magana ta wuce, don ƙaryar da ke ƙara wa mutum tsawo ba a gaggawar sare ta. To yanzu gwiwa ta ƙi, ido ya fara yaudara, uwarku Hajo kuma ta rantse in ban rubuta gaskiya ba ita za ta faɗe ta ranar sadakar ukuna, gaban jama'a, lokacin da ba ni da bakin kare kaina. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ilimin nan da ake yabo, ku san iyakarsa. Shekara uku na yi a lekwal ta Dogon Dutsi, kuma ba don an so ni da alheri ba. Nasara ya ce kowane gari ya ba da yaro, maigari ya duba ya ga ni ne wanda in an rasa ba za a daɗe ana kuka ba. Na koyi ƙirga, na koyi rubuta sunana, na koyi cewa "wi mushe" ko na gane ko ban gane ba. Abu guda na riƙe da kyau. Cikin littafinmu akwai hoton wani ƙaton Bature bayan doki yana kifa ƙasa baƙa ƙirin, mushe, wato malaminmu, ya buga sanda bisa hoton ya ce ƙasar arziki ke nan, baƙa mai riƙe ruwa, rairayi kuwa hamada ne. Wannan kalma na ɗauko na kawo gida, na ajiye ta cikin kaina shekara da shekaru kamar laya, ita ce kuma ta kusa kashe mu.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce wadda ta biyo bayan fara. Fara ta cinye hatsi yana tsaye, ruwa kuma ya ɗauke da wuri, mahaifina Nomau ya rasu cikin ɗari, gida ya faɗo bisa kaina ina saurayin magidanci mai gemu bakwai. Mu huɗu muka rage: ni, da kakarku da muke kira Inna, da Hajo, da yayarku Tani tana goye. Mun ci anza, ɗiyan iccen dajin nan masu ɗaci, har harshe ya mance da wani ɗanɗano, mun ci ganyen da akuya ke shinshinawa ta wuce. Duk tsawon wannan yunwa akwai tulu guda binne ƙarƙashin gadon Inna, bakinsa liƙe da laka, cike da irin hatsin mahaifina gauraye da toka. Kowa ya san yana nan, ba wanda ya yi maganarsa. Wata rana na ga Hajo zaune, nono ya ƙafe, Tani na kuka, idonta bisa gadon nan, sai Inna ta shigo ta zauna bisa gadon, har Hajo ta tashi ta fita. Wannan tulu shi ne gidan gaba ɗaya. In ya fita muna nan, in bai fita ba sai mu ɗaure kaya mu bi hanyar kudu kamar waɗanda suka tafi ba su komo ba. Ba wurin maƙwabcin da za a je roƙon iri, don kowa nasa bai ishe shi ba.

Tsohuwar gonarmu ta gaji. Ƙuduji ya cinye ta, har mahaifina ya faɗa tun yana da rai cewa a bar ta ta huta. Ke nan sai a sari sabon wuri, ni ne kuma mai zaɓe. Yamma da gari, tafiyar da ba ta kai a sha taba ba, akwai wani kwari mai baƙar ƙasa inda ruwa kan kwanta kwana biyu, uku bayan an yi shi. Mutumin da ya ga hatsinsa ya bushe da ƙishirwa, in ya ga ruwa kwance hankalinsa barinsa yake yi. Na je na tsaya bakin kwarin, hoton littafi ya taso mini, ban rasa komai ba sai doki. Na komo na shaida wa Inna.

"Ubanka bai taɓa shuka can ba," in ji ta.

"Don mi?"

"Ban tambaye shi ba. Kakanka ma bai shuka ba."

"To ai shi ke nan, Inna. Ba su yi lekwal ba."

Ta dube ni irin duban da ake yi wa ɗan akuyan da ya hau rumbu, ta ci gaba da kaɗin audugarta. Mace ba ta zaɓen gona a lokacinmu, ko da ta fi maigida hankali sau goma, kuma ta fi.

Ina cikin sarar geza a kwarin, gatari na ta ƙara bisa tsakuwa ni ko a jikina, sai ga Manu. Manu Bafillace ne, sa'ana, shanunsu kan yi rani a wata jigawa gabas da gari, ba nisa ƙwarai. Kun san tsakaninmu Arawa da Fulani: tobasai ne, ba a haɗuwa a rabu ba a zagi juna ba, kuma ba a fushi. Ni da Manu mun wuce kowa. Shi ne ya taɓa zuwa da fuska a murtuke ya ce mini kumandan, Nasaran da ke mulkin ƙasarmu, na neman mai karatu a kasuwar Kiéché zai naɗa shi magatakarda. Na ari rigar mahaifina, na taka har can cikin rana, ban ishe kowa ba sai masu sayar da jakai. Ni ma na rama, na zuba masa tonka mai yaji cikin taba. To irin wannan mutum ne ya tsaya bisa ƙafa guda, ya jingina da sanda, yana kallona.

"Bawana mai tsage, mi kake nema nan? Kabarin kakanka?"

"Gona nike yi, ɗan Fillo. Abin da ubanka bai sani ba. In ta nuna ka zaka da ƙwarya in san maka."

"Nan? Ai wanga wuri akushi ne. Ruwa na zama cikinsa don ba shi da ƙofar fita. Ƙarƙashi dutse ne, ka tona ka gani. In gona kake so, taho jigawa inda shanunmu suka yi rani, in ba ka mashekari kyauta."

"Cikin rairayi? Inda ruwa ke ɓacewa kafin ya taɓa ƙasa?"

"Ina kake tsammani yake tahiya, Makka?"

Na yi dariya har na yar da gatari. Ku fahimce ni, ɗiyana. Da wani Bahaushe ne ya faɗa mini haka, ko mahaukacin kasuwa ne, da na ɗauki dagi na tona. Amma tobashi? Maganar tobashi ba a auna ta, mayar da ita ake yi. In ya ce gabas, ka san yamma. Har na ƙara da wayo nawa: na ce a raina wannan kwari shanunsa ke shan ruwan farko a ciki, so yake ya kore ni ya sami mashaya, ya tura ni rairayi garin ya yi ta dariya kamar ranar magatakarda. Na ce masa ya je ya tatsi uwarsa saniya. Ya ce Allah ya ba bawa lafiya, ya kaɗa shanu ya tafi. Shi a ganinsa ya faɗa mini, ni kuwa na ɗauka mun yi wasa ne kawai.

Ruwan shuka ya sauka. Inna ta sa aka ɗaga gado, ta fasa lakar bakin tulu da hannunta, ƙanshin hatsi ya cika ɗaki har Hajo ta juya fuska. Ta auno mini kashi biyu cikin uku, ta juye sauran a ƙwarya ta rufe da faifai.

"Inna, duka za a shuka. Kwarin na da faɗi."

"Wanga ba naka ba ne."

"Na wa?"

"Na wanda zai gyara in ka ɓata."

Na ji haushi, na kuma bar ta don kada a ce na yi kokawa da uwata bisa ƙwarya. Muka shuka. Bayan kwana biyu aka yi ruwa mai ƙarfi, na je na ishe kwari cike har idon sawu, sama na haskawa a ciki, na tsaya ina murmushi kamar wanda ya gaji sarauta. Kwana uku ruwan nan bai tafi ba. Da ya janye, tsakiyar gona ba tsiro ko ɗaya. Na tona rami na ciro irin, ya kumbura ya ruɓe, yana wari kamar tsohuwar gasara. Gefe-gefe dai ya tsiro, na ce to, rabi ma arziki ne. Daga nan sama ta rufe bakinta.

Ban san yadda zan gwada muku kwanakin nan ba. Kowace safiya in fito in dubi gabas, in ga sama fes kamar an wanke ta. Da rana hadari ya taso, ya yi baƙi, iska ta kaɗa, mata su kwashe shanya, sai ya watse. Baƙar ƙasar da na yi alfahari da ita ta ƙame ta tsattsage, ta koma kamar tsingaro, in ka taka ta ƙara take yi. Tsiron ya fara naɗe ganye da hantsi ya buɗe da maraice, daga baya ya daina buɗewa. Na shiga ɗaukar tulu daga rijiya ina bin rami-rami ina zuba wa hatsi ruwa kamar mai lambun taba, mutane na wucewa suna yi mini sannu da murya mai laushi, irin wadda ake yi wa mai jinya. A gida ba mai maganar gona. Hajo ta daina tambayata in na komo, ƙafata kawai take kallo. Rana ta goma sha biyar na durƙusa na tone gindin wani tsiro da yatsa. Saiwar ta sauka kamar taƙi guda, ta ci karo da marmara, jan dutsen nan, ta lanƙwashe ta bi gefe tana lalube kamar makaho na neman ƙofa. Na matsa gaba na tona, dutse. Na ƙara matsawa, dutse. Na zauna nan cikin rana, ina jin muryar Manu tana cewa akushi.

Kamar wannan bai isa ba, sai ga gardi, dogarin Nasara, da jar hularsa a ƙofar maigari. Ana son mutane aikin hanya wajen Doso, na dole, ba a tambayar ko ka yi shuka. Sunana na ciki. An ce jibi da safe mu tashi, kuma ba mai sanin ranar komowa. Ke nan ko ruwa ya sauka bayana, ba namijin da zai sari rami a gidanmu, ga damina na tafiya.

Washegari da hantsi aka yi sallama a ƙofar gida. Na fito na ga Manu. Ya tuɓe takalmi, ya cire malfa, ya durƙusa ya gaida Inna gaisuwa cikakkiya, ya tambayi gajiya, ya tambayi mai goyo. Sannan ya juyo gare ni.

"Arzika ɗan Nomau, ina son magana da kai."

Tun muna yara bai taɓa kiran sunana ba. Na zaci mutuwa aka yi a ruga.

"Wa ya rasu?"

"Ba kowa. Ɗauko dagi ka biyo ni."

Muka yi tafiyar nan ba wanda ya zagi wani, ban taɓa jin hanya ta yi tsawo haka ba. Jigawar shimfiɗe take, ba tudu sosai ba kwari ba, rairayi ja-ja mai laushi, sabara nan da can, manyan gawo tsaye, ga kututturan gamba da shanu suka cinye har ƙasa. Inda garke ya yi rani taki ya rufe wuri, kofato ya niƙe shi ya gauraya da ƙasa. Rana ta gasa rairayin har ba ya takuwa. Na ce a raina, hamada, kamar yadda mushe ya faɗa.

"Ajiye dagin tukuna," in ji Manu. "Tona da hannu."

Na tona. Sama zafi kamar toka. Da na kai taƙi guda sai zafi ya ragu. Da na kai rabin kamu sai na ji sanyi a yatsu. Da hannu ya shige har gwiwarsa na damƙo ƙasa na fito da ita, na buɗe tafi, ta tsaya dunƙule da shatar yatsuna a jiki. Kwana goma sha shida ba ruwa. Na kwanta rubda ciki na zura hannu har hammata, ban taɓa tsakuwa ko ɗaya ba. Manu ya miƙo dagi, na kafa shi cikin ramin na danna, ya shige kamar cikin tuwo. Ya kwance gorarsa ya tsiyaya ruwa gefe, kafin in ƙifta ido ya ɓace, sai tabo.

"Ka gani? Ba gudu ya yi ba, ajiya ya tahi. Rana ba ta kai hannu can. Saiwa ke kaiwa."

"Kai da ba ka taɓa riƙa hauya ba, ina ka san wannan?"

"Turke nawa na kafa a duniya? A kwarinka in na buga turken maraƙi tsagewa yake yi. Nan da ƙafa nike danna shi. Shanu ba su taɓa kwana cikin taɓo nan ba, kofatonsu ba ya ruɓewa. Dubi gamba." Ya tone gindin wata da sanda, can ciki kore ne. "Bara da komai ya mutu, ita ba ta mutu ba. Gawo kuma ba ya girma haka inda ƙafarsa ba ta da wurin miƙewa. Kwarinka mi ke tsirowa? Geza. Geza abokiyar dutse ce, ko saniya ta san haka."

"Don mi ba ka faɗa mini da gaske ba?"

"Na faɗa maka."

"Kana dariya!"

"To da wace fuska zan yi maka magana? Ita kaɗai gare ni a wurinka. Wagga ta yau aro na yi."

Na tambaye shi zancen doguwa, aljanar nan, don mutanen gari na cewa akwai ta a babban gawon wurin, shi ya sa ba mai sara. Ya ce shekara nawa suna maƙwabtaka da ita ba ta taɓa kama ko ɗan maraƙi ba, a zuba mata nono a gindin icce, a bar mata gawonta, a shaida wa masu ƙasa. Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar na gida.

Abin da ya rage shi ne binne, wato a shuka cikin busasshiyar ƙasa a bar iri ya jira ruwa. Kun san haɗarinsa. In ruwa mai yawa ya zo, ka riga kowa. In yayyafi ya zo, ya jiƙa sama kaɗai, iri ya farka ya fito da saiwa bai kai ga damshin ƙasa ba, ya mutu, ba a tashe shi sau biyu. Ga ɓeraye, ga zabin daji. Kuma ƙwarya guda ce, bayanta ba komai. Na shiga ɗakin Inna na durƙusa, na faɗa mata duka, har da dutsen. Ba ta ce ai na faɗa maka ba, da ta ce da ya fi mini sauƙi. Ta ɗauki zanenta ta yafa.

"Mu je in gani."

Tsohuwar nan da yunwa ta mayar kamar kara ta taka har jigawa, tana hutawa gindin kowace sabara. Ta zauna bakin ramin da na tona, ta zura hannu, ta ɗebo ƙasa ta matse, ta kai hanci, ta ɗora bisa kunci. Ta daɗe. Ita ma Ba'ara ce, ta san abin da ke tsakani, sai ta ɗaga kai.

"Manu, da ni ma wasa kake?"

"Inna, yau na bar wasa a ruga."

"In na zuba irin mijina nan, zai fita?"

"Ƙasa na sani, Inna. Sama ban san ta ba."

Ta gyaɗa kai. Ta ce da ya ce mata zai fita da ba ta ba da ƙwaryarta ba. Ta aiki Hajo, wadda ta biyo mu, gida ta ɗauko ta. Na miƙa hannu zan karɓa, Inna ta janye.

"Kai ka sara. Ita ta zuba."

Haka aka yi. Na bi da sungumi ina sara, na zurfafa rami fiye da yadda aka saba don iri ya kusanci sanyi kuma yayyafi kada ya kai gare shi. Hajo na bayana da Tani a baya, tana ɗiba da yatsu uku tana rufewa da diddige. Inna na zaune tana ƙirga taku da ido, in Hajo ta ɗan cika hannu ta yi gyaran murya. Kafin rana ta faɗi ƙwarya ta ƙare. Hajo ta kife ta, ta buga bayanta, ƙwaya biyu suka faɗo, ta tsince su ta sa a rami. Muka juya muka dubi wurin: rairayi ne kawai da sawun ƙafa. Duk abin da muka mallaka mun zuba cikin ƙasa mai zafin toka, bisa maganar mutumin da ya taɓa aika ni neman sarauta wurin masu jakai.

Aikin hanya kuwa, Allah mai hikima, marmara aka sa mu fasawa. Dutsen da ya kashe mini hatsi shi na riƙa ɗauka a kwando bisa kai, safe da maraice, don motar Nasara ta ji daɗin wucewa. Jikina na can, idona na gabas. Rana ta biyar aka yi yayyafi, ɗan fesawa da ko ƙura bai kashe ba. Abokan aiki na murna an sami sanyi, ni na ajiye kwando ina roƙon Allah ko ya zuba ko ya ɗauke, har gardi ya zo ya taimaka mini da bulala in gama addu'a. Duk hadarin da ya gitta sai in auna shi, in ce wannan ya bi ta kanmu, wancan ya kauce. Duk fataken da suka wuce da jakai sai in tare su. Wani ya ce wajenmu an yi ruwa har garka ta faɗi, wani ya ce ko ɗigo, na uku ya ce bai san garin ba amma Allah na nan. Ina lissafin kwanaki, ina lissafin hanyar kudu, wa zai ɗauki Inna in ta kasa tafiya.

Kwana ashirin da uku aka sallame mu. Ban shiga gida ba. Hanya ta bi da ni ta bakin kwari, na gan shi cike da ruwa, kwaɗi na biki, ba ko kara guda, na kau da kai na wuce. Da na hango jigawa daga nesa ban ga komai ba sai jan rairayi, na tsaya. Na ce in koma, in ji daga bakin mutane ya fi. Sai na ga wani abu na motsi gindin sabara, Inna ce da dogon kara tana korar zabi. Na matsa. Layi-layi ne, kore mai duhu, ya kai taƙi, wani wuri ya fi. Ba kowane rami ya fita ba, akwai giɓi nan da can inda ɓera ya riga mu. Amma ya fita. Ganyen a buɗe, da rana tsaka.

Ban gaida ta ba. Na faɗi bisa gwiwa na shiga tona gefen wani tsiro. Abin da ke sama bai fi tafin hannu ba, saiwar kuwa siririya fara ta miƙe ƙasa sak, na bi ta har gwiwar hannu ban ga ƙarshenta ba.

"Rufe," in ji Inna. "Ka isa da bincike. Yayyafin bai kai gare shi ba, babban ruwa ya zaka bayan kwana huɗu. Rufe masa ƙafa."

Ina rufewa na ji murya daga bayan gawo.

"A'a! Bawana ya komo! Nasara ma ya gwada ya ga ba ka da amfani?"

Wallahi ban taɓa jin zagi mai daɗin wannan ba. Nan na san ba mu tafiya kudu. Maimakon in rama da baki, sai na jefe shi da ƙasa.

Kada ku ce labari ya ƙare da daɗi. Hatsin ya yi kyau, zangarniya kamar damtse, amma shukar ƙwarya guda ce, ba ta cika rumbu ba. Kafin wata damina mun koma ga anza. Inna ta riƙa cewa ta ƙoshi tana tura wa Hajo akushi, cikin bazara ta kwanta, ba ta ga shuka ta biyu ba. Ban ce yunwa ta kashe ta ba, ba ni ke riƙe da ajali ba. Amma ni ne mai ƙirga a gidan, na kuma san abin da kashi biyun nan da na ruɓar a kwari za su yi da a jigawa aka zuba su. Wannan lissafi na yi shi sau da yawa, bai taɓa fita dabam ba.

Ranar da aka yanke hatsin, tun ba a ɗaure dami ba, Inna ta bi gona da kanta ta zaɓi zangarniyar da ta fi cika, ta sussuke, ta gauraya da toka, ta kira Hajo ɗaki suka rufe ƙofa. Na tsaya waje ina tari don a san maigida na nan. Ba a buɗe ba. Tun daga ranar har yau da nake rubutun nan, ni mai lekwal, ban san inda ake ajiye iri a gidana ba. Jiya ma na tambayi uwarku, na ce na tsufa, mi zan ɓata yanzu? Ta ce in ci gaba da rubutuna.